Kamarar Tsaron Gida: A Gyara Hoto Kafin A Zargi Mutum

  

A cikin hunturun da ya wuce wani magidanci daga ƴan ƙungiyarmu ya same mu bayan sallar lisha, salula a hannu, ransa a ɓace. An shiga gidansa da dare an kwance masa ragon da yake kiwo domin layya. Kamarar da ya kafa a ƙofar gida ta ɗauki wanda ya shiga, amma abin da muka gani bai wuce siffar wani dogon mutum da farar riga ba, fuska kuwa kamar an shafe ta da alli. Shi dai ya riga ya yanke cewa ɗan maƙwabcinsa ne, domin yaron dogo ne, kuma yakan sa fararen kaya. Da ba domin dattawan masallaci sun tausasa shi ba, da gari na wayewa zai kai ƙara wurin ƴan sanda. Daga baya ta tabbata yaron ba ya ma garin a wannan dare.

Kafa kamara ba laifi ba ne, yana cikin riƙo da sababi, kamar yadda ya zo a hadisin da Imamu Tirmizi ya ruwaito, inda Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci wani mutum da ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah. Amma hoton da bai fita ba yana iya jefa mai shi cikin mummunan zato, abin da Suratul Hujurati ta yi hani da shi a aya ta 12. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bayyana abubuwan da ke ɓata hoto, waɗanda galibinsu ana gyara su ba tare da an sayi sabuwar na'ura ba.

Ƙura da saƙar gizo

A fara da abu mafi sauƙi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana kwanciya a kan gilashin kamara kamar yadda take kwanciya a kan kwanukan ɗaki, sai hoto ya yi hazo-hazo. A goge gilashin sau ɗaya a mako da ƙyalle mai laushi wanda aka ɗan jiƙa da ruwa mai tsabta. Kada a goge da busasshen tsumma ko bakin riga, domin yashin da ke cikin ƙurar yana kankare gilashin, kuma wannan ba ya gyaruwa. A duba ko an manta ba a ɓare ƴar ledar da ke zuwa manne da sabuwar kamara ba. A share saƙar gizo-gizo, domin zaren da ba a lura da shi da rana, da dare yakan fito fari fat ya rufe rabin hoto. Idan kuwa da damina aka ga raɓa ta cikin gilashin, to ruwa ya sami hanyar shiga, sai a kira mai gyara.

Wurin da aka kafa ta

Saboda gudun kada a sace kamarar, da yawanmu mukan kai ta can ƙololuwar bango, sai ta riƙa ɗaukar hula da tsakiyar kai. Tsawon mita biyu da rabi zuwa uku ya isa. Haka kuma idan ta fuskanci gabas ko yamma kai tsaye, da hantsi ko da la'asar rana takan kasance a bayan mai shigowa, sai ya fito baƙi ƙirin kamar inuwa. A karkata ta, ko a kunna tsarin da aka rubuta WDR a cikinta idan tana da shi.

Da dare kamara tana gani ne da wasu ƙananan fitilu masu hasken infared, wanda idon mutum ba ya gani. Idan akwai bango ko bakin kwano dab da ita, hasken yakan dawo mata, bangon ya yi fari, tsakar gida ta yi duhu. Haka yake idan aka ajiye ta a bayan gilashin taga. Wanda ya matso kusa ƙwarai kuma hasken yakan wanke masa fuska. Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne, wannan haske ba ya nuna launi na gaskiya: riga baƙa ko shuɗiya tana iya fitowa fara. Ke nan farar rigar da ɗan uwanmu ya kafa hujja da ita ba hujja ba ce. Maganin wannan shi ne a sa ƙwan fitila mai farin haske a ƙofar gida, a gefen kamara ko a samanta, ba a gabanta ba. Idan haske ya wadata launi yakan fito, kuma mai tafiya ba ya zama kamar hayaƙi, domin a cikin duhu kamara takan daɗe kafin ta kammala ɗaukar kowane hoto.

Lissafin ɗigo

Kowane hoto tarin ƙananan ɗige-ɗige ne da ake kira fiksel. Kamarar da aka rubuta wa 1080p tana da ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, wato kimanin miliyan biyu. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 62676-4 ta shekarar 2014 ta nuna cewa ɗigo 25 a kowace mita sun isa a san akwai mutum a wurin, 125 a gane wanda aka riga aka sani, amma sai da 250 ake tantance baƙo. Idan muka raba 1920 da 250 za mu ga irin wannan kamara ba ta tantance fuska sai faɗin wurin da take kallo bai kai mita takwas ba. Wanda ya saita ta domin ta ɗauki titi gaba ɗaya zai ga wucewar jama'a ne kawai. Jawo hoton da yatsa a salula ba ya ƙara ɗigo ko ɗaya. Saboda haka a ware kamara guda ta dubi ƙofa ita kaɗai.

Wuta da igiya

Galibin kamarorin gida da wutar bolt 12 suke aiki. Idan igiyar ta yi tsawo kuma siririya ce, ƙarfin wutar yakan ragu kafin ya isa. Alamar haka ita ce hoto ya yi kyau da rana, amma da magariba, lokacin da fitilun nan suka kama, ya fara rawa ko ya ɗauke. Layukan da ke gangarowa a kan hoto kuwa sukan zo daga caja marar inganci, ko tsatsa a bakin igiya, ko kuma an shimfiɗa igiyar kamara tare da ta lantarki. Wutar ƙasashenmu tana kan 50 Hz, ta Amurka kuwa 60 Hz, don haka idan hoto yana ƙyaftawa a ƙarƙashin fitila a duba kada na'urar tana kan 60. Igiyar intanet ba a so ta wuce mita 100. Mai aiki da Wi-Fi kuma bangon siminti da ƙofar ƙarfe suna raunana ta, sai a matso da akwatin intanet kusa. Bayan an ɗauke wuta an maido, a duba agogon na'urar naɗi, domin hoton da ke ɗauke da kwanan wata na kuskure yana iya jawo zargin wanda ba shi ba.

Abin da salula take nunawa

Sau da yawa kamarar lafiyarta ƙalau, salula ce take nuna ƙaramin hoto domin tattalin kuɗin intanet. A nemi wurin da aka rubuta HD, ko «flux principal» da Faransanci, a zaɓe shi. A tambayi wanda ya kafa na'urar ko ya rage ingancin naɗi domin ma'ajin ya ɗauki kwanaki da yawa. Idan wani abu ya faru, a kwafi asalin naɗin cikin ɗan ma'ajin USB nan da nan, domin sabon naɗi yana goge tsoho. Kada a ɗauki fuskar talabijin da salula, kuma a sani bidiyon da aka tura ta WhatsApp yakan rage kyau.

Gwaji da nasiha

Bayan an yi waɗannan gyare-gyare, muna ba da shawarar wani ɗan gwaji. Bayan lisha a sa ɗaya daga cikin yaran gida ya sa hula ya shigo ta ƙofa da tafiyarsa ta kullum, sannan a duba naɗin. Idan uba bai gane fuskar ɗansa na cikinsa ba, to da wane ido zai shaidi ɗan maƙwabci? Ko da hoton ya fita, a kai shi ga hukuma, kada a watsa shi a unguwa. Kuma kada garin neman faɗin hoto a karkata kamara ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, inda iyalinsa suke a sake, domin ayar da ta hana zato ita ce ta hana binciken sirrin mutane.

Rago idan ya ɓace ana sayen wani, amma mutuncin yaron da aka kira ɓarawo a gaban unguwa yana da wuyar dawowa. Allah Ya tsare mana gidajenmu da dukiyoyinmu, Ya kiyaye harsunanmu daga zargin bayinSa ba bisa haƙƙi ba, amin.