Gudun Yunwa: Ƙaƙalaba a Ƙasar Kano da Yunwar Ailan



Tambayar da na zo da ita Wudil yau ita ce: idan yunwa ta tashi mutum daga garinsu, me ke sa wani ya komo, wani kuwa ya tafi ke nan? Zan ɗauki yunwar da ta auka wa ƙasar Kano a 1914, in gwada ta da wadda ta auka wa Ailan, watau tsibirin nan da ke yamma da Ingila, gama su biyun duk a ƙarƙashin mulkin Ingilishi suka faru.

A 1913, zamanin Sarkin Kano Abbas, damina ta ƙi. Ruwa ya makara, ya kuma ɗauke da wuri, gero da dawa suka bushe a tsaye. To, fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, don haka ne ma magidanta ke ajiye hatsin bara a rumbu. Sai dai wannan karon ya iske abubuwa sun sake. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suna sa ran auduga, manoma kuwa suka ga gyaɗa ta fi riba, suka ba ta wani sashe na gonakinsu. Haraji kuma ya zama na tsabar kuɗi, ba a kuwa ɗaga shi yadda ya kamata ba don an yi fari. Mutumin da ba shi da sule sai ya buɗe rumbu ya sayar da kaka, lokacin da hatsi ke arha, ya zo yana nemansa da bazara, lokacin da ya fi ƙarfinsa. Kafin bazarar 1914 ta ƙare mutane na cin tafasa da yaɗiya da 'ya'yan ƙarangiya, suna tonon gidan tururuwa don ɗan abin da ta tara. Wannan ita ce yunwar da aka sa wa suna Ƙaƙalaba.

Daga nan sai tafiya. Mutanen Damagaram da Damargu, waɗanda abin ya fi tsananta a kansu, suka gangaro kudu zuwa Kano, na Kano kuma suka ƙara gaba, kowa na zaton abinci na can inda bai kai ba. Wani Bature ma'aikacin mulki, A. C. G. Hastings, ya ba da labarin yadda ya ga mutane suna faɗuwa a bakin hanya a littafinsa Nigerian Days na 1925. Mai gudun yunwa bakin ruwa yake nema, inda akwai fadama da su da ƙodago, kuma kun fi ni sanin cewa babbar hanyar da ta fita Kano ta nufi Bauci da Barno a nan Wudil take ƙetare kogi. Taimakon gwamnati kuwa ya zo a makare, bai kuma taka kara ya karya ba. A shekarar ne aka haɗe Kudu da Arewa, a cikinta kuma yaƙi ya ɓarke a Turai, hankalin Gwamna Lugga na wani wuri.

Yanzu mu leƙa Ailan. Can a wancan zamani talaka ba shi da gona tasa, haya yake yi a hannun masu ƙasa, waɗanda da yawansu a Ingila suke zaune. Hatsin da ya noma da dabbar da ya kiwata na biyan haya ne, shi da iyalinsa dankalin Turawa suke ci safe da dare. A 1845 wata cuta ta shiga dankalin tana ruɓar da shi, ta yi ta komowa shekara bayan shekara. Wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyan suka bar ƙasar, alhali kuwa jiragen ruwa ba su daina fita da hatsi da shanu zuwa Ingila ba. Ƙidayar 1841 ta sami mutum fiye da miliyan 8, ta 1851 kuwa miliyan 6 da rabi.

Su ba su da kudu da za su gangara da ƙafa, teku ce ta kewaye su. Suka cika jiragen ruwa masu tafiya da iska zuwa Amurka da Kanada, tafiyar mako shida ko fiye, a cunkushe cikin ɗakin kaya, ruwan sha kaɗan, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, har aka riƙa kiran jiragen akwatin gawa. A tsibirin Grosse Ile kusa da Kwibek, inda ake tsare marasa lafiya, an binne fiye da mutum 5,000 a 1847 kaɗai.

To, a ganina tsadar jirgi da nisan teku ba su ne kaɗai suka hana su komowa ba. A 1847 aka yi doka cewa duk mai riƙe da fiye da rubu'in eka ba za a ba shi taimakon gwamnati ba sai ya saki gonar. Masu ƙasa kuma suka yi ta korar waɗanda suka kasa biyan haya suna rushe gidajensu, wasu ma suka biya musu kuɗin jirgi don su rabu da su. Wanda ya hau jirgi bai bar kome a baya ba.

Bakano kuwa ya bar gona, kuma bisa al'ada gonar gado tana jiran mai ita, dagaci ya san ta, 'yan'uwa na duba ta. Ga shi kuma ya saba da cin rani tun kaka da kakanni, tafiya da rani a komo da shuka. Saboda haka da ruwa ya sauka, mafi yawan waɗanda suka rayu suka juyo gida. Wanda bai komo ba galibi shi ne wanda ya jinginar da gonarsa ko ya sayar don mudun dawa, ya zama ɗan ƙodago a birni ko a ƙasar wasu. Ma'aikatan da ke cikinmu, musamman na gona da na ƙananan hukumomi, ya kamata su lura da wannan: idan aka ji gonaki sun fara arha a ƙauye bayan damina ta ɓaci, to lissafin masu tafiyar da ba komowa ake yi.

Hanyar ƙafar nan ita ce ta ceci jama'a a 'Yar Buhu ta 1927 da farin 1973. An kuwa ga abin da ke faruwa in an toshe ta. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta rufe iyakokin Nijeriya, daidai shekarar da damina ta ƙi a Nijar, ba a buɗe ba sai 1986. Mutanen Maraɗi da Damagaram suka rasa hanyar Kano da kakanninsu suka bi a 1914, suka sa wa yunwar wannan shekara suna El Buhari.