Ejan Ya Cike Fom, Matafiyi Ya Ɗauki Hukunci

A watan Nuwamban 2023 wani jirgin Air Peace da ya taso daga Legas, ya biyo ta Kano, ya sauka Jidda ɗauke da fasinjoji 264. Nan take jami'an Saudiyya suka soke bizarsu. Da jami'an Najeriya suka sa baki aka bar 87 suka shiga, aka juyo da 177 gida. Daga baya ofishin jakadancin Saudiyya da ke Abuja ya ce mutanen sun ba da bayanan da ba daidai ba ne domin samun nau'in bizar da ba ta dace da su ba.

Irin wannan tafiya ba baƙuwa ba ce a Ikara da Makarfi da Kudan. Wani Umara zai je, wani neman aiki, wani kuma ya gama karatun lafiya yana hangen asibitocin Ingila. Da yawansu ba da hannunsu suke cike fom ba. Akan miƙa fasfo da kuɗi ga ejan a Zariya ko Kano, a koma gida ana jiran kira. Abin da aka rubuta da sunan mutum, shi kansa bai gani ba.

A ganina tushen matsalar yana gida, kuma ya girmi ejan. Dattijon Hunkuyi ta Kudan da aka haifa ba tare da takardar haihuwa ba, ranar da ya je kotu yin rantsuwar shekaru ƙiyasi ya yi. Ranar da ya je yin katin ɗan ƙasa wani ƙiyasin aka yi masa. Sunansa a makaranta Mamman, a banki Mohammed, a fasfo Muhammad, ga kuma sunan gari da malamin firamare ya liƙa masa. Mu mun san mutum ɗaya ne. Jami'in da ke duba takardu a Abuja ko Landan mutum uku yake gani.

Sai maganar dukiya. Manomin rake a Makarfi ko mai lambun tumatir a Ikara na iya fin ma'aikacin gwamnati abin hannu, amma arzikinsa yana gona da rumbu da turke, bai ratsa ta banki ba. Da aka nemi bayanin asusu na watanni, sai ejan ya ce a bar masa. Ya zuba kuɗin aro na 'yan kwanaki, ko ya buga takardar da bankin bai san da ita ba, ko ya mai da manomi daraktan kamfani. Mafi sauƙin faɗawa kuwa ita ce tambayar ko an taɓa hana mutum biza: a rubuta a'a, alhali Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya da New Zealand suna musayar bayanan yatsun masu nema.

Hukuncin yana da nauyi. Sashe na 40 na dokar shige da ficen Kanada yana hana wanda ya ba da bayanin ƙarya shiga na shekara 5, kuma kotunan ƙasar sun sha yanke cewa kuskuren wakili yana wuyan mai nema. Birtaniya na iya rufe ƙofa shekara 10. A Amurka, wanda aka samu ya yi ƙarya da gangan kan muhimmin abu, haramcin na har abada ne, sai ɗan sassaucin da ake yi wa ƙalilan.

To, a ɗaukaka ƙara mana? A nan ne mutane ke shan mamaki. Tun 2013 Birtaniya ta janye cikakken 'yancin ɗaukaka ƙara ga masu neman bizar ziyartar dangi. A Amurka kotu ba ta cika taɓa hukuncin jami'in biza ba, kuma Kotun Ƙolinsu ta ƙara ƙarfafa hakan a 2024. Kanada ta bar kafa: wanda ke waje yana da kwana 60 ya nemi Kotun Tarayya ta duba hukuncin. Amma ko ya yi nasara, kotun ba biza za ta ba shi ba, cewa za ta yi wani jami'in ya sake dubawa, bayan an biya lauyan can da dala. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, sau da yawa Kanada kan aiko wasiƙa tukuna ta ba mutum dama ya kare kansa, sai wasiƙar ta faɗa imel ɗin ejan, wa'adi ya wuce mai ita bai ji ba.

Illar ba ta tsayawa kan mai laifi. A 2023 hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawa da ke Ibadan, ta soke sakamakon kusan mutum 2,000, har da waɗanda ba a same su da komai ba, aka ce su sake zama. Ɗalibin da ya fito daga makarantar kimiyyar lafiya ta Shehu Idris a Makarfi da guminsa, wannan zargin ne zai tarar yana jiransa.

Ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan suna da abin yi: su haɗa kai da Hukumar Ƙidaya da hakimai da limamai domin a yi wa kowane jariri rajista kafin ranar suna ta yi nisa. Kai kuma mai shirin tafiya, daidaita sunanka da shekarunka a fasfo da katin ɗan ƙasa da banki tun kafin ka nemi biza. Ka sa a karanta maka fom ɗin layi-layi, ka tabbata lambar waya da imel ɗin da ke ciki naka ne, sannan ka sa hannu.