Kalmar "Peroration" da Matsalar Sunan Ƙarshen Jawabi a Hausa: Misali daga Damagaram

1. Gabatarwa

Tun daga shekarar 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a birnin Zinder, masu tsara littattafan karatu a Nijar suke fama da matsalar keɓaɓɓun kalmomi. Matsalar ta ƙara nauyi a watan Maris na 2025, sa'ad da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Mai fassara ke nan yana tsaye tsakanin harsuna uku. Wannan maƙala ta ɗauki kalmar Ingilishi ɗaya, watau "peroration", don ta nuna ma'anarta, da yadda ake amfani da ita, da sunan da ya dace da ita a Hausa idan aka auna ta da hanyoyin rufe magana na ƙasar Damagaram.

2. Asali da ma'ana

Kalmar ta fito daga Latin "peroratio". Gaɓar "per" tana nufin "har ƙarshe", "orare" kuwa yin magana ko roƙo a gaban jama'a. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 15, kuma takwararta a Faransanci ita ce "péroraison". Ma'anarta ta farko ita ce sashen ƙarshe na jawabi, inda mai magana yake tattara hujjojinsa, ya kuma motsa zukatan masu sauraro don su yanke hukunci ko su tashi su aikata wani abu.

Masana balagar Girka da Rum sun fayyace aikin wannan sashe. Aristotal, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba shi ayyuka huɗu: jawo masu sauraro ga mai magana tare da nisanta su daga abokin jayayyarsa, girmama batu ko ƙanƙanta shi, motsa rai, da tuna abin da aka faɗa. Sisero, lauyan Rum, ya kasa shi uku: jera hujjoji, tayar da fushi a kan abokin shari'a, da neman tausayi. An san cewa idan lauyoyi da yawa suka haɗu don kare mutum ɗaya, Sisero ake bar wa jawabin ƙarshe saboda gwanintarsa wajen taɓa zuciya. Abin lura shi ne, aikin da sashen yake yi shi ya ba shi sunan. Zuwansa a ƙarshe kawai bai isa ba.

3. Tarkon ma'ana ta biyu

A Ingilishi kalmar tana da wata ma'ana, watau dogon jawabi mai cike da ƙawa da kuri. A Faransanci wannan ma'ana ta zargi ta fi zama a kan aikatau "pérorer", wanda ake faɗa wa mutum mai zuba magana da taƙama, alhali sunan "péroraison" ya riƙe ma'anarsa ta balaga. Mai fassarar da ya yi karatu da Faransanci yana iya cin karo da kalmar a rubutun Ingilishi ya zaci zargi ne, ya fassara ta da "surutu" ko "dogon turanci", alhali marubucin yabon jawabin yake yi. Ma'aunin rarrabewa mai sauƙi ne. Idan an jingina kalmar ga wani jawabi a matsayin sashensa, ma'ana ta farko ake nufi. Idan kuwa ta rufe jawabin dungurungum, kuma jimlar tana ɗauke da ƙosawa, ta biyu ce.

4. Hanyoyin rufe magana a Damagaram

Damagaram ta gaji al'adun magana iri uku: na fada, na zauren malamai, da na dandali. Masarautar ta daɗe tana bin Barno, kuma a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni ya rasu a 1884, wasiƙun sarauta da Larabci ake rubuta su. Daga waɗannan al'adu ana iya ware hanyoyi uku na rufewa.

Ta farko ita ce rufewa da kafaffen lafazi. Tatsuniya tana ƙarewa da "ƙurunƙus", wasiƙa da "haza wassalam", rubutacciyar waƙa da "tammat", wani lokaci tare da ramzin shekarar da aka yi ta. Wanda ya kai kuka fada yakan rufe da "Allah ya ja zamanin sarki". Lafazin ba ya sakewa ko da batun ya sake, domin aikinsa sanarwa ne cewa magana ta ƙare. Masu nazarin waƙa suna kiran irin wannan "marufi", kishiyar "mabuɗi".

Ta biyu ita ce rufewa da taƙaitawa, kamar yadda malami yake maimaita kanun darasi kafin almajirai su tashi. Wannan ita ce "kammalawa".

Ta uku ita ce wadda mai wa'azi ko dattijo mai sasanta rikici yake yi, inda zai tattaro abin da ya faɗa, ya sauya murya, ya kawo karin magana, ya tunatar da zumunci ko lahira, sa'an nan ya nemi a aikata wani abu. Malaman balagar Larabci ma sun kula da wannan wuri. Alƙazwini, wanda ya rasu a 1338, ya lissafa ƙarshen magana cikin wurare uku da ya wajaba mai magana ya kyautata, tare da farawa da kuma sauyawa zuwa ga manufa. Wannan hanya ta uku ce ta yi daidai da "peroration".

A ɗauka malamin yaƙi da jahilci ya yi wa manoman Mirriya jawabi. Yana iya rufewa ta ɗayan hanyoyin nan:

(a) Iyakar abin da ke nan. Allah ya ba mu alheri.

(b) An faɗi abu uku: lokacin karatu, da wurinsa, da amfaninsa.

(c) Kun ji lokaci, kun ji wuri. Wanda bai iya karanta awon gyaɗarsa ba, wani ne zai karanta masa, kuma abin da ya ga dama zai faɗa. Gobe bayan la'asar, kowa ya zo da ɗan'uwansa.

Misali na (a) marufi ne, na (b) kammalawa, na (c) kuwa shi ne abin da ake nema wa suna. Sau da yawa jawabin Bahaushe yakan haɗa (c) da (a) a jere, addu'a ta biyo bayan kira. Saboda haka sashen da ake magana a kai ba lalle ne ya zama kalmomin ƙarshe ba.

5. Shawara

Ba a bukatar aron kalmar Ingilishi ko ta Faransanci, tun da abin da take nufi sananne ne a bakin Hausawa. "Ƙarshe" ya yi faɗi. "Jawabin rufewa" yana nufin jawabi sukutum da ake yi a ƙarshen taro. "Cikamaki" yana da kyau, amma ya shahara a yabon Annabi, kuma kunnen mai sauraro can zai tafi. Wadda ta fi dacewa ita ce "naɗewar jawabi", domin mai naɗe tabarma yana tattaro ta ne daga wannan baki zuwa wancan har ta zama abin ɗauka. Gaskiya ne wasu marubuta a Nijeriya suna amfani da "naɗewa" da "kammalawa" a ma'ana ɗaya, don haka raba su yana bukatar yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, irin wadda aka yi a taron daidaita rubutun Hausa na Yamai a 1980.

Amfanin wannan rarrabewa a aji yake bayyana. Ɗalibin da aka koya wa kalma ɗaya tak, da an ce ya rufe jawabi sai ya yi addu'a ya zauna, yana ganin ya gama. Wanda ya san kalmomi uku zai san cewa ayyuka uku ne. Ya kamata, kafin a tabbatar da kalmar a ƙamus, a ɗauki muryoyin masu wa'azi da dattawan fada da ƴan wasan kwaikwayo na Zinder, a ji sunan da su da kansu suke ba wannan sashe. Idan aka sami wanda ya fi "naɗewa" zama a bakin jama'a, shi ya cancanci shiga littafi.