Fanshon Baba Ya Isa Haya Da Magani Kuwa?

In kana zaune a Ƙofar Wambai, ko wata unguwa ta cikin garin Bauchi, da wuya ka rasa dattijon da ya yi wa gwamnatin jiha aiki shekara 35 ya ajiye, yau kuma 'ya'yansa ne ke haɗa masa kuɗin haya. Wataƙila ma mahaifinka ne, ko surukinki, uwargida.

Zauna ka yi masa lissafi. Mai gida na son kuɗinsa na shekara a dunƙule, fansho kuwa wata-wata yake zuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, har da maganin hawan jini da na ciwon suga, waɗanda likita ya ce kada a daina sha. Abin da ke faruwa a gidaje da yawa shi ne, in wa'adin haya ya matso sai tsoho ya fara tsallake magani, yau ya sha, gobe ya bari. Ba ya faɗa wa kowa, don kunya. Hawan jini kuma ba ya ba da sanarwa. Sai dai wata safiya a kwashe shi zuwa Asibitin Koyarwa na ATBU da shanyewar ɓarin jiki, a kashe ninkin abin da aka yi tattali. Garatutin da ya sa rai zai sayi fili da shi kuwa, 'yan fansho a jihar sun daɗe suna kukan bashinsa da ya taru tun gwamnatocin baya.

Mun saba ɗaukar fansho kamar alfarma, har a yi ta godiya in an biya. Doka ba ta ce haka ba. Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati neman wa 'yan ƙasa matsuguni mai kyau, da isasshen abinci, da kula da tsofaffi. Najeriya ta kuma shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa a 1993, wadda ta sa muhalli da tallafin rayuwa cikin haƙƙin ɗan Adam. Matsalar sashe na 16 ita ce yana cikin babi na biyu, wanda kundin da kansa ya hana kotu tilasta aiwatar da shi.

Sashe na 210 daban yake, shi ya kamata ka riƙe. Ba ya cikin wancan babin, kuma ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashi, wanda ya riga zuwa. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a 2024. To, tambayi Baba: yaushe rabon da a taɓa nasa? In ya yi shiru yana ƙirga shekaru, maganar ta ƙungiyar 'yan fansho ce da ɗan majalisar jiha mai wakiltarku, kuma a rubuce.

Akwai kuma wani kuɗi da iyalai ke mantawa da shi. Dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta 1992 ta sa ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, a ajiye a Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya don ba shi rancen gida. Ƙananan ma'aikata da dama ba su taɓa samun rancen ba, musamman masu gidan gado a cikin gari da ba su da takardar mallaka ta gwamnati. Amma wanda bai karɓa ba yana da haƙƙin a mayar masa da abin da ya tara idan ya yi ritaya. Ku binciko tsoffin takardun albashinsa, ku ga ko akwai layin NHF. In akwai, ku haɗa da takardar ajiye aiki, ku fara daga ofishin ma'aikatar da ya bari.