Danƙawa Ko Sallamawa? Kalmar Turanci Guda Na Iya Raba Mutum Da Dukiyarsa

A ɗauka wani manomi ne daga Zadawa, cikin Jihar Bauci, ya gama sussukar wakensa da kaka, ya ɗora buhu 20 a mota zuwa Azare, ya sauke su a rumfar wani dillali da suka daɗe suna hulɗa. Dillali ya ce kasuwa ta faɗi, a dakata sai farashi ya ɗaga. Don kada magana ta zama ta fatar baka kurum, aka kira wani yaro ɗan sakandare ya rubuta 'yar takarda da Turanci, kowa ya dangwala. Bayan wata uku, babu wake, babu kuɗi. Ran da aka doshi kotu, abin da lauya zai fara dubawa a takardar nan shi ne kalmar da yaron ya zaɓa ya sa tsakanin sunan manomi da na dillali.

In da Hausa aka yi maganar, da wuya a sami ruɗu, domin ko yaro ya san ajiya daban, aro daban, bashi daban, jingina kuma daban. Turanci ma yana da irin wannan rabe-rabe. Matsalar ita ce yawancin waɗanda suka yi makarantar boko sun tashi da fassara kalmomi bakwai ko takwas da "ba da" ko "miƙa", sai su ɗauka duk wadda ta fara faɗo musu ta wadatar.

Kalmomin "hand over" da "deliver" su ne mafi sauƙi. Iyakar abin da suke nufi shi ne kaya sun bar wannan hannu sun shiga wancan. Ba su faɗi mai kayan ba, ba su kuma faɗi sharaɗin da aka yi ba. Mai sayarwa yakan yi amfani da su, haka ɗan aike, haka wanda aka ritsa da bindiga. Takardar da ta tsaya a nan ta tabbatar da cewa wake ya isa rumfa, amma ta bar sauran rigimar ga shaidu.

Kalmar da ta fi kowace nauyi ita ce "entrust", watau danƙa amana. Mai kaya yana nan a matsayinsa na mai kaya, wanda ya karɓa kuwa riƙo yake yi bisa wani sharaɗi. Dokar Final Kot ta Arewa, wadda aka kafa a 1959 ta fara aiki a 1960, da wannan kalma ta gina laifin cin amana a sashe na 311: mutumin da aka danƙa wa dukiya, sa'an nan ya karkatar da ita zuwa biyan bukatarsa da mugun nufi. Sashe na 312 ya yanka masa ɗauri har zuwa shekara 7, sashe na 315 kuwa ya kai shi shekara 14 idan mai laifin ma'aikacin gwamnati ne, ko ma'aikacin banki, ko wakili a harkar ciniki. To, da yaron ya rubuta cewa manomi ya sayar wa dillali wake za a biya daga baya, shi ke nan magana ta zama bashi. Bashi kuwa ƙarar neman hakki ce, ba a ɗaure mutum don kawai ya kasa biya. Gaskiya ne alƙali ba ya rataye shari'a a kan kalma guda, yakan saurari shaidu ya duba yadda huldar ta gudana. Amma wanda ya dangwala hannu a takardar da ta ce saye ne, shi ke da aikin nuna cewa amana ce.

Sai dai kada mai karatu ya zaci kalmar amana kullum mai kaya take taimako. Malaman fiƙihun Malikiyya, tun daga littafin Risala da ake karantawa a zaurukan ƙasar Katagum, sun bayyana cewa mai riƙon ajiya ba ya ramuwa idan kaya suka salwanta ba da sakacinsa ba. Wanda ya ci bashi kuwa sai ya biya, ko da gobara ce ta cinye abin da ya karɓa a daren da ya karɓa. Ashe da rumfar dillalin nan ƙonewa ta yi, manomi zai gwammace takarda ta ce bashi ne. Kowace kalma da inda take kāre mutum da inda take barinsa a rana.

Abin da ya faru tsakanin mutanen nan biyu yana da sunansa na musamman a Turancin 'yan kasuwa, shi ne "consign". Asalin kalmar daga Latin ne, tana nufin buga hatimi, kuma ana amfani da ita ga kayan da aka aika wa wakili ya sayar a madadin mai su, ko aka ɗora wa mai mota ya kai wani gari. Kayan na mai su ne har ran da aka sayar, dillali la'adarsa kurum yake da ita. Wannan ita ce kalmar da ake gani a takardun kamfanonin sufuri da na kwastan. A wajen kasuwa kuwa Bature yakan yi amfani da ita ga abin da aka jefa wuta ko kwandon shara, abin da ba a sa ran komowarsa.

Ita kuwa "commit" ta sha ba tafintoci kunya. Ma'anarta da aka fi sani ita ce aikata laifi, amma tana kuma nufin miƙa mutum ga wata hukuma da ƙarfin doka, kamar tisa ƙeyarsa gidan yari, ko aika shi babbar kotu a yi masa shari'a. Tafintan da bai lura ba sai ya gaya wa dangi an sami ɗansu da laifi, alhali shari'ar ma ba a fara ba.

A kan gona ne abin ya fi muni. Manomin da bukata ta kama shi, ya karɓi kuɗi ya ba da gonarsa jingina, kalmarsa ita ce "pledge". Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tabbatar a 1974 cewa jinginar gargajiya ba ta rikiɗa ta zama saye komai daɗewarta, magada ma suna iya fansa. Idan kuwa mai rubutu ya sa "assign" ko "transfer", to takarda ta ce an sallama hakkin ɗungum. Jikoki ne za su zo fansa wata rana a nuna musu dangwalen kakansu.

Ita kanta ƙasar da gonar take a kai, dokar mallakar ƙasa ta ranar 29 ga Maris 1978 ta haɗa kalmomi biyu a sashenta na farko. Ta ce ƙasar kowace jiha an yi mata "vest" a hannun Gwamna, watau an ɗora masa ikonta a shari'ance, sa'an nan ta ce zai riƙe ta "in trust", riƙon amana domin amfanin dukan 'yan Nijeriya. Gwamnoni sun fi tunawa da ta farko. Abin da ke hannun manomi hakkin zama ne da amfani, kuma idan aka karɓe gona don aikin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta shuka ce da gini da sauran aikin da aka yi a wurin, ba ta ƙasar kanta ba.

Manya ma ba su tsira daga wannan ba. A watan Agusta 1993 Janar Ibrahim Babangida bai ce ya sauka ba, cewa ya yi zai "step aside", watau ya matsa gefe, aka yi ta muhawara a kan ko mai matsawa gefe yana da niyyar komowa. A watan Mayu 2017 kuma, da Shugaba Muhammadu Buhari zai tafi jinya London, wasiƙarsa ga Majalisar Dattawa ta ce Mataimakinsa Yemi Osinbajo zai "coordinate" harkokin gwamnati. Nan take aka ta da magana a zauren majalisa cewa daidaita aiki daban, riƙon mulki daban, har sai da shugaban majalisar, Bukola Saraki, ya yanke cewa sashe na 145 na tsarin mulki, wanda wasiƙar ta ambata, ya riga ya mai da Osinbajo Muƙaddashin Shugaban Ƙasa.

Manomin Zadawa ba shi da sashen tsarin mulki da zai gyara masa kuskuren ɗan sakandare. Amma ba dole ba ne yarjejeniya irin tasa ta kasance da Turanci. Takardar da aka rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, gaban shaidu biyu, aka ce "ajiya ce, in an sayar a cire la'ada a kawo saura", hujja ce a gaban alƙali. In shari'a ta kai babbar kotu inda ake rubutu da Turanci, a nan ne za a nemi tafinta ya fassara ta, shi kuma sai ya yi rantsuwa tukuna.