Mun Yafe: Haƙƙin Wa Ake Yafewa?

Duk wanda ya taɓa zaman makokin fasinjan da ya rasu a hatsarin mota ya san yadda ake yi. Ranar uku sai ga shugabannin tasha tare da mai mota, a sauke buhun shinkafa, a miƙa 'yan kuɗi. Baffan mamaci ya gyara murya ya ce, "Kwana ne ya ƙare, mun yafe." A shafa fatiha. Matar tana cikin gida tana takaba, ba wanda ya tambaye ta, balle 'ya'yan da ba su ma san abin da ake ciki ba.

Ni ina da ja a kan wannan yafiya, kuma daga addini na fara. Kisan kuskure yana da hukunci a Suratun Nisa'i, aya ta 92: kaffara a kan wanda ya yi, diyya kuma ga iyalan mamaci, sai in su suka bari. Malamai sun ƙayyade diyyar raƙumi 100 ko dinari 1,000. Ana raba ta kamar gado, don haka masu gado ne ke da ikon barin ta, kowa a kan kasonsa. Kason maraya kuwa ba dukiyar baffa ba ce da zai yi kyauta da ita don a yaba masa a ƙofar gida. Karɓar diyya ba ja da ƙaddara ba ne.

Kotun gwamnati ma tana da tata hanyar. A Ingila, har zuwa 1846, wanda ya ji wa mutum rauni ana iya ƙararsa ya biya, amma in mutumin ya mutu iyalinsa ba su da abin nema. Mace-macen jirgin ƙasa na cikin abin da ya sa majalisarsu ta gyara wannan a shekarar, mu kuma muka gaji dokar, jihohi suka yi tasu. Abin da alƙali ke dubawa biyu ne. Shin akwai sakaci, kamar gudun wuce sa'a, lodin da ya wuce ƙa'ida, taya da ta suɗe, ko direban da ya kwana yana tuƙi? Sannan me mata da 'ya'ya da iyaye suka rasa na ci da sha da kuɗin makaranta? Kuma ba direba kaɗai ake kamawa ba. In yana bakin aikin maigidansa ne, mai mota ko kamfanin sufuri ma yana ciki.

Za a ce, ina talakan direba zai samu kuɗi? Ai don haka aka wajabta inshora tun dokar 1945. A Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar ga ƙaramar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000. A motar haya, fasinjan da ya biya kuɗin mota yana cikin waɗanda ya kamata inshorar ta ɗauki nauyinsu. Abin da ke ci mini rai shi ne yawan takardun bogi da ake saya don kawai a nuna wa ɗan sanda a shinge. Ranar da aka yi hatsari sai a tarar babu kamfanin da ya san da motar, a ƙasar da hukumar kiyaye haɗurra ke ƙirga mutum sama da 5,000 da ke mutuwa a hanya duk shekara.

Iyalin da ke son bin haƙƙinsu su nemi rahoton 'yan sanda da na hukumar kiyaye haɗurra, da takardar asibiti, da lambar motar, da takardar da ake rubuta sunayen fasinja a tasha. Wanda ya hau mota a bakin titi don sauƙin kuɗi sunansa ba ya cikinta, sai an nemo shaidu. Kada kuma a jira lokaci ya ja kafin a ga lauya. A jihohi da dama wa'adin shigar da ƙarar shekara uku ne, amma in motar gwamnati ce lauyoyinta kan kafa hujja da dokar kare ma'aikatan gwamnati mai wa'adin wata uku, wato tun matar ba ta fita takaba ba.