Rubab: A Ci Kara, A Zubar Da Ganye

'Yan'uwana mata, mu nan idan an ce kayan lambu ganye muke nufi, watau alayyafo da yakuwa da rama da zogale. To, a Ingila akwai wani tsiro da ake ce wa rubab, shi kuwa karansa ake ci, ganyensa guba ne. Duk wadda karatu ko aure ya kai ta can, ta tarar da shi a bayan gida, ya kamata ta san haka.

Asalinsa daga ƙasashen sanyi na Asiya ne, wajen Sin da Saibiriya. Karansa ja ne, tsaminsa kamar na yakuwa. Akan yayyanka shi, a dafa da sukari, a ci bayan abinci.

Yawanci ba ƙwayarsa ake shukawa ba, guntun tushe mai ido ake dasawa, tsakanin Oktoba da Maris. Sai ki tona rami, ki zuba ruɓaɓɓen taki da yawa, ki bar idon dab da saman ƙasa. Ki ba da ƙafa 3 tsakanin gindi da gindi. Shekarar farko kada ki taɓa shi ko kaɗan, sai tushen ya yi ƙarfi. A shekara ta biyu kya fara ɗiba, daga Afrilu zuwa Yuni. Ba a sa masa wuƙa. Kama karan za ki yi daga gindi, ki murɗa, ki ja, ki kuma bar masa rabin karansa. In ya yi fure ki cire. Bayan shekara 5 sai a haƙe tushen, a raba, a sāke dasawa.

Maganar ganyen ba ta wasa ba ce. Yana da sinadarin oksalik mai yawa, wanda ke ɓata ƙoda. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, abinci ya yi wuya a Ingila, aka ba mutane shawara su dafa ganyen, waɗansu suka kwanta ciwo. Saboda haka da kin ciro kara ki datse ganyen ki zubar, ki kuma hana yara.

Mu da ke gida kuwa, kada mu ɓata kuɗinmu a kansa. Sai ya sha makonni cikin sanyin ƙanƙara yake tohowa da kyau, zafin bazararmu kuma ba ya barin sa. Yakuwarmu ta ishe mu tsami.